Ƙanana Huɗu da Agur Ya Zauna Ya Kalla

Ina yaro, idan an gama sussukar gero a masussukar bayan gidanmu, mata sun sheƙe sun auna sun kwashe, sai fili ya zama kamar an share shi da tsintsiya. Amma in ka durƙusa da la'asar ka duba ƙasa, za ka tarar aiki bai ƙare ba. Tururuwa sun ja layi daga gindin tsamiya har tsakiyar fili, masu zuwa ba komai a bakinsu, masu komawa kowace da ƙwaya ɗaya, wata ƙwayar ma ta fi kan mai ɗauke da ita girma. Nakan sa kara in tare musu hanya don in ga abin da za su yi. Sukan ɗan rikice, su zagaye, layin ya sake haɗuwa. Wata rana kakata ta kama ni ina yi, ta ce, "Kai, rabu da su. Su ma rumbu gare su."

Sai daga baya, a makarantar Lahadi, na ji an karanta Karin Magana sura 30, aya 24 zuwa 28, inda aka ce akwai abubuwa huɗu ƙanana a duniya amma hikimarsu ta kai matuƙa. Tururuwa ba su da ƙarfi, amma suna tanadin abincinsu da rani. Remaye ba jarumai ba ne, amma a cikin duwatsu suke gidajensu. Fara ba su da sarki, amma suna tafiya sahu-sahu. Ƙadangare kuwa ana iya kama shi da hannu, amma ga shi a fadar sarakuna.

Na sha jin wa'azi a kan ayoyin nan, kuma yawancinsa yakan zo a siffa ɗaya: asirai huɗu na cin nasara. Ka yi aiki tuƙuru kamar tururuwa, ka haɗa kai kamar fara, ka kutsa kamar ƙadangare, kai ma gobe kana fada. Jama'a su ce amin, a tashi. Ban ce duka ƙarya ba ne, amma a ganina an tsallake rabin kowace aya. Dubi yadda aka gina su. Kowace ta fara da rashi: babu ƙarfi, babu jarumta, babu sarki, babu kariya. Sannan "amma" ta biyo. Rashin nan kuwa ba a ɗauke shi ba a ƙarshen ayar. Tururuwa ba ta zama giwa ba bayan ta cika rumbunta, rema kuma bai fito da farce irin na damisa ba. Abin da aka kira hikima shi ne halitta ta san iyakarta, ta tsara zamanta a kan wannan sanin.

Wanda ya faɗi maganar ma da haka ya fara. Surar ba ta Sulemanu ba ce, an jingina ta ga Agur ɗan Yake, sunan da ba ya sake fitowa ko'ina a Littafi Mai Tsarki. Kafin ya ambaci ko dabba ɗaya, sai da ya ce shi kansa ya fi kama da dabba, ba shi da fahimi irin na mutum, bai kuma koyi hikima ba. Ya tambaya wane ne ya taɓa hawa sama ya sauko, wane ne ya dunƙule iska a tafin hannunsa. Sannan ya yi addu'ar da ba kasafai ake jin ta a taron neman buɗi ba: kada a ba shi talauci, kada kuma a ba shi dukiya, a ba shi abincin da ya ishe shi kawai, don kada ya ƙoshi ya musunci Ubangiji, ko ya rasa ya yi sata ya ɓata sunan Allahnsa. Mutumin da ya yi wannan roƙo a aya ta 8 da ta 9 ba zai juyo a aya ta 24 ya koya mana dabarun tara abin duniya ba.

Akwai wani abu kuma da Bahaushe zai lura da shi nan da nan. A tatsuniyoyinmu dabbobi magana suke yi. Gizo yana ƙulla makirci, kura tana kwaɗayi ta sha duka, mutane ne dai a cikin fatar dabba. A Karin Magana kuwa tururuwa ba ta buɗe baki ba. An ce wa malalaci a sura 6 ya je wurinta, ya dubi al'amuranta, ya yi hikima. Umarnin shi ne a je a kalla. Littafin Sarakuna na Fari ya ce Sulemanu ya yi karin magana 3,000 da waƙoƙi 1,005, ya kuma yi bayani a kan itatuwa da dabbobi da tsuntsaye da masu rarrafe da kifaye. Ayuba ya ce a tambayi dabbobi za su koyar. Irmiya ya ce shamuwa ta san lokacinta amma mutanen Allah ba su san ka'idarsa ba, maganar da duk wanda ya taɓa ganin shamuwa ta sauka a gari gab da faɗuwar damina zai gane ba sai an fassara masa ba. Tushen duk wannan shi ne bangaskiyar cewa Allah da hikima ya yi duniya, don haka sawun hikimar yana nan a jikin abin da ya yi, har a ramin ƙwaro.

Wannan ya sa nake ganin ba a iya fahimtar ayoyin sai an san dabbobin da gaske. Tururuwa ta isa misali. An daɗe a Turai wasu masana suna cewa Sulemanu ya yi kuskure, domin irin ƙwarin da suka sani a ƙasashensu masu sanyi ba sa tara hatsi. Sai a 1873 wani Bature ɗan Ingila mai suna Moggridge ya wallafa abin da ya gani da idonsa a Menton, kudancin Faransa, inda ya tona gidajensu ya tarar da ɗakuna cike da ƙwayoyi. Abin da aka yi ta gardama a kansa, kakata da ba ta shiga aji ba ta san shi. Harshenmu ma ya raba su: cinnaka daban, kiyashi daban, kwarkwasa daban, tururuwa ita ce mai jidar hatsi, mai tara ƙaiƙayi a bakin raminta. Malaman Yahudawa na dā sun san ta sosai har suka yi mata hukunci a cikin Mishna, littafin dokokinsu: hatsin da aka samu a ramin tururuwa a gonar da ba a girbe ba na mai gona ne, wanda aka samu a sama-sama bayan masu girbi sun wuce kuwa rabon matalauta ne.

Sai a kula da lokaci. A ƙasar Isra'ila da sanyi ake ruwa, a girbe sha'ir wajen Afrilu, alkama kuma wajen Mayu da Yuni, sannan rani ya shigo. Don haka idan ayar ta ce tururuwa tana tanadi da rani, kaka take nufi a lissafinmu. Mu kuma lokacin ƙuncinmu shi ne tsakiyar damina, watan Yuli da Agusta, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare a rumbu sabo bai nuna ba. Manomin da ya sayar da amfaninsa duka da kaka yana arha, ya dawo yana awo da tsada a Agusta, ya san abin da ayar take cewa. Ba yawan aiki kaɗai aka yaba ba, sanin lokaci aka yaba. Ƙofa tana buɗe yau, ba kullum take buɗe ba.

Augustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya ɗauki wannan ya kai shi ga ruhu. Ya kwatanta mai bi da tururuwar Allah, wadda kullum takan tashi ta je majami'a, ta yi addu'a, ta saurari karatu, ta rera waƙa, ta kwashi ƙwayoyi ta ɓoye a ciki. Ranar da sanyi ya zo, wato asara ko ciwo ko rasuwa, mutane suna tausayinta daga waje, ita kuwa tana ci daga abin da ta ajiye. Na yarda da shi domin na gani. Na zauna kusa da gadon wata tsohuwa a ikilisiyarmu wadda idonta ya tafi, tunaninta ma ya fara gushewa har ba ta gane jikokinta sosai. Amma da aka soma Zabura 23 sai leɓunanta suka kama, ta bi mu har ƙarshe ba tuntuɓe. Ba a makon nan ta haddace ta ba. Ta yi jidarta tun tana da ido.

To, amma ga tambayar da mai karatu na gaskiya ba zai tsallake ba. Yesu ya ce a dubi tsuntsaye, ba sa shuka, ba sa girbi, ba sa tarawa a rumbu, Uba na sama kuwa yana ciyar da su. A Luka sura 12 kuma ya ba da misalin mai arzikin da ya rushe rumbunansa ya gina manya, aka ce masa wawa, a daren nan za a karɓi ranka. Wa za mu bi, tururuwa ko tsuntsu? Na taɓa jin wani ya kafa hujja da tsuntsaye don ya ƙi ajiye kuɗin makarantar 'ya'yansa, na kuma san masu fakewa da tururuwa su hana ɗan'uwa mudu guda. Dukansu sun karanta rabi. Abin da Yesu ya hana a Matiyu sura 6 damuwa ce, wadda take cin zuciya ta sa mutum ya ɗauki rumbu a matsayin Allah. Mai arzikin nan kuma laifinsa a bakinsa yake: amfanina, rumbunana, raina. Tururuwa ba ta da rumbun kanta. Ƙwayar da ta ɗauko ta gida ce gaba ɗaya, har da waɗanda ba su fito ba. Yusufu ya tara hatsi shekara bakwai a Masar, ƙasashe suka rayu da shi. A shekarun yunwa a yankinmu, har da ta 2005 a Nijar, an ga mata suna tona gidan tururuwa don su sami abin da za su dafa wa yara. Abin baƙin ciki ne ƙwarai, kuma yana sa ni tambayar kaina ko ajiyar da ke gidana ta taɓa ceton wani kamar yadda ta ƙwaro ta yi.

Rema ya fi wahalar da masu fassara. Kalmar Ibrananci ita ce shafan, Turai kuwa ba ta da wannan dabba, sai fassarar Latin ta ce ɗan zomo, ta Ingilishi ta 1611 ma ta yi amfani da tsohuwar kalmar zomo. Hoton ya lalace ke nan, domin zomo rami yake tonawa a ƙasa mai laushi. Mu da muke da rema a duwatsun ƙasarmu mun fi su sa'a. Ɗan dunƙule ne mai launin dutse, girmansa kamar babban zomo, kunnuwa gajeru, wutsiya kusan babu. Tafin ƙafarsa taushi gare shi da danshi, shi ya sa yake manne wa dutse mai santsi. Jikinsa ba ya riƙe ɗumi sosai, don haka da safe za ka gan su sun baje a kan falalen dutse suna shan hantsi. Masana sun ce cikin dabbobin tudu giwa ce danginsa na kusa, abin da in ka dube shi ba za ka taɓa zato ba.

Na taɓa ɓuya a bayan wani dutse na kusan awa guda ina kallonsu. Yayin da sauran suke kiwo, akwai babba ɗaya a can bisa da bai sa komai a baki ba, kansa a ɗage. Inuwar wani babban tsuntsu ta gilma, ya yi wata ƙara mai kaifi, kafin in ƙifta ido dutsen ya zama wayam. Ba wanda ya tsaya faɗa. Ba su kuma yi nisa da tsaguwar dutsen ba tun farko, shi ya sa gudun bai yi tsawo ba.

Rema bai gina dutsen ba, bai ma iya tona shi ba. Ya same shi ne a tsage ya shiga. Ƙarfin da yake kare shi ba nasa ba ne, kuma bai ji kunyar hakan ba. Nan ne Kirista yake jin bishara tana motsi a ƙarƙashin karin maganar. Ba na cewa Agur yana da Almasihu a zuciyarsa sa'ad da yake kallon remaye. Amma Zabura ta riga ta kira Ubangiji dutse da kagara, mai Zabura ya roƙa a kai shi ga dutsen da ya fi shi tsawo, Manzo Bulus kuma ya ce dutsen nan Almasihu ne. Wanda ya haɗa su bai yi wa Nassi karambani ba. Bulus ɗin nan ne ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya daga jikinsa, aka amsa masa cewa alheri ya ishe shi, gama a cikin rashin ƙarfi ne iko yake cika. Ba a cire ƙayar ba. Akwai kuma ƙarin abu: a Littafin Firistoci sura 11 an lissafa rema cikin dabbobi marasa tsarki. Wanda ba a kai shi bagade, shi ne Zabura 104 ta ce an tanadar masa duwatsu su zama mafaka.

Sai dai ina roƙon masu wa'azi su yi hattara a nan. Gaggafa tana ɗaukar rema, damisa ma tana kamawa. Muna da 'yan'uwa da suka binne nasu bayan hari, waɗansu suka bar gonakinsu da gidajensu, kuma ba don sun yi nisa da Ubangiji ba ne. Idan aka tsaya a gabansu aka ce wanda ya fake a dutse ba abin da zai taɓa shi, an ɗora musu laifi a kan makoki. Alkawarin da na sani shi ne ko mutuwa ba ta iya raba mu da ƙaunar Allah da take cikin Almasihu Yesu. A kan wannan mutum yake iya tsayawa a bakin kabari.

Fara kuma, da wuya manomi ya ji an yabe ta ransa bai sosu ba. Waɗanda suka ga ta 2004 a Nijar da maƙwabtanta ba su manta ba. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa garken da ya rufe murabba'in kilomita ɗaya yana iya ƙunsar fara miliyan 40 zuwa 80, kuma ƙaramin garke irin wannan yana cin abin da mutum 35,000 za su ci a yini. Ita ce annoba ta takwas a Masar. Duk da haka Agur ya sa ta cikin malamansa, domin mai neman hikima yana koyo ko daga abin da ya cuce shi. Farar hamada in tana ita kaɗai gudun 'yan'uwanta take yi, yaro ma yana kama ta, a soya a barbaɗa yaji. Wani masanin ƙwari mai suna Uvarov ne ya nuna a 1921 cewa mai zaman kaɗaici da mai tafiya a garke halitta ɗaya ce. Idan ciyawa ta ƙare suka matsu wuri ɗaya suna gogar juna, sai launinsu da halinsu su sauya, su tashi tare. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Annabi Yowel ya ce kowace tana bin sahunta, ba sa ture juna.

Littafin Mahukunta ya rufe da cewa a kwanakin nan babu sarki a Isra'ila, kowa yana yin abin da ya ga dama. Fara ma ba ta da sarki, amma ba ta watse ba. Wannan abin kunya ne gare mu. Muna da shugabanni da kwamitoci da kundin tsari, ga Ruhu ɗaya da aka ba mu, amma ikilisiya takan tsage gida biyu a kan kujerar dattijo ko kan wace ƙabila ce za ta ba da fasto. Inda na fi ganin tsarin fara mai kyau shi ne wurin zumuntar mata. A yi rasuwa da dare, kafin gari ya waye wata ta kawo itace, wata tukunya, wata mudun shinkafa, ba wanda ya rubuta musu takarda. Sai dai haɗin kai shi kaɗai ba tsarki ba ne. Masu ginin Babila ma bakinsu ɗaya, taron da ya yi ihu a gicciye Yesu ma haka. Tsarin fara aka yaba, ba abin da ta bari a gona ba.

Na huɗun kalmarsa sau ɗaya tak ta fito a Ibranancin Littafi Mai Tsarki, shi ya sa tsohuwar fassarar Ingilishi ta ce gizo-gizo, yawancin na yanzu kuma suka ce ƙadangare, wasu masana suna ganin tsaka ce. Ni tsaka ta fi zauna mini, don ita ce mai kwana a ɗaki, kuma ita ce muka fi tsana, da an gan ta sai a nemi takalmi. Ba ta da dafi, ba ta da ƙaho, ba wanda ya gayyace ta, amma dogari bai iya hana ta shiga ba. Masu wa'azin ɗaukaka suna son wannan aya ƙwarai, sai dai ayar ba ta ce ta hau gadon sarauta ba. A bango take. Abin da take tuna mini shi ne yarinyar nan baiwa a gidan Na'aman, sarkin yaƙin Suriya, wadda ko sunanta ba a rubuta ba, amma maganarta ɗaya ta kai maigidanta ga warkewa daga kuturta. Da kuma gaisuwar da Bulus ya aika wa Filibiyawa daga tsarkaka na gidan Kaisar, waɗanda galibi ake ɗauka bayi ne da barori. Bishara ta shiga fadar Roma ta ƙofar baya, tun sarakunan ba su san da ita ba.

Nan da nan bayan ƙananan, Agur ya kawo waɗansu huɗu: zaki da zakara da bunsuru da sarki a gaban rundunarsa. Ya yaba takunsu, ya ce tafiyarsu da ƙasaita. Kalmar hikima kuwa bai ba su ita ba, ya riga ya ba na ƙasa. Aya ta gaba ma cewa ta yi in ka yi wauta ka ɗaukaka kanka, ka sa hannu ka rufe bakinka.

'Ya'yana a birni suka tashi, ba su taɓa ganin masussuka ba, rema kuwa sai a hoton waya. Kwanan baya a sujadar yamma na ga ƙaramar ta daina kallon gaba, ta ƙura wa bango ido. Tsaka ce a gefen ƙwan lantarki, can sama da bagade, ta lafe tana jiran ƙwari. Na ɗaga hannu zan taɓa ta ta maida hankali, sai na fasa. Bayan an tashi ta ja ni ta nuna mini, ta ce, "Baba, tun da aka fara waƙa take wurin, sau uku ta kai hari, sau ɗaya ta samu." Da muka isa gida na buɗe mata sura 30, na sa yatsa a aya ta 28, ta karanta da kanta.